Kwale-kwalen da Ya Kai Bube Tudu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda Ya shimfiɗa mana tudu muke noma a kai, Ya tara teku Ya ajiye ta can nesa da Kankiya. Tsira da amincinSa su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, Shugaban Ƙaramar Hukumar Kankiya. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninku. Limamai da malamai, Allah Ya gafarta maku. Babban baƙonmu da ya taso tun daga Kaduna don ya ga aikin hannunmu. Malaman gona da malaman makaranta. 'Yan'uwana kafintoci da maƙera da masaƙa da dukawa. Manoman Kusada da Kaikai da Ƙofa, waɗanda dammunan geronsu suka cika wannan fili. 'Yan'uwanmu mutanen Kudu da ke zaune tare da mu lafiya. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana ta nunin kayan gona da sana'o'in hannu ta shekarar 1977. Ina godiya ga alƙalan gasa da suka zaga, suka duba, suka ɗora lambar farko a kan aikina. Ba zan yi maku ƙaryar cewa ban ji daɗi ba. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ina ganin ba su yi kuskure ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Alhaji Sada Kaikai, kafinta. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, mahaifina ya rasu, na ajiye littafi na kama neman abinci. Ba wanda ya riƙe hannuna. Yau kuwa bencin da 'ya'yanku ke zama a kai a sababbin makarantun firamare, daga nan har Kusada, mafi yawansu daga shagona suka fito. Na faɗi wannan ne don ku san cewa wanda zai ba ku labarin yadda katako ya kunyata shi a gaban jama'a ba sabon shiga ba ne.

Abin da aka ba ni lamba a kanshi, ga shi can a gabanku, cikin rabin duro da aka cika da ruwa. Tun da safe yake ciki. Wasu sun wuce suna cewa abin wasa ne, wasu sun ce kwami ne na ban ruwan kaji. Magana uku zan yi a kanshi: dalilin da ya sa na yi shi, yadda aka yi har ya tsaya bisa ruwa, da kuma amsar da zan ba babban baƙonmu a kan abin da ya roƙe ni ɗazu.

Magana ta farko. A shekarar da aka sami mulkin kai, ni da abokina Bube, mutumin Ƙofa, muka bi shanu zuwa Ikko. Muka yi dako a bakin ruwa, har wani jirgin kaya ya ɗauke mu aikin wanki da fenti. Jama'a, in na ce jirgin ruwa, kada ku kawo kwale-kwalen masunta a ranku. Abu ne da tsawonshi ya kai wannan fili, yana da ɗakuna bisa ɗakuna. A gefenshi kuma akwai wani ƙaramin jirgi na katako, rataye da igiyoyi, wanda ake saukarwa in ana son zuwa gaɓa, ko in babban ya sami matsala. Ni ke kankare shi, ni ke shafa mashi fenti. Na san shi yadda mutum ya san ɗakin uwarshi.

Muna cikin shekara ta huɗu a wannan aiki, jirginmu na tsaye daura da gaɓar ƙasar Gini yana jiran wurin sauke kaya, zazzaɓi ya kama Bube. Bai daɗe ba Allah Ya karɓi abinSa. Al'adar ma'aikatan jirgi, in mutum ya mutu, a naɗe shi da tamfol a ɗaura mashi ƙarfe a sake shi cikin ruwa. Na je gaban kyaftin da guntun Turancina na aji biyu, na ce ga tudu can muna hange, ga hasumiyar masallaci, ba za a jefa ɗan Musulmi a ruwa ba alhali ƙasa na kusa. Ya ce in na sami masu tuƙi, in ɗauki ƙaramin jirgin. Wanda ya fara miƙewa shi ne Hilary, mutumin Kalaba, Kirista. Ga shi can zaune kusa da rumfar maƙera, wanda kuke sayen ƙusa da fenti a shagonshi a bakin tasha. Muka kwantar da Bube a tsakiya, muka tuƙa daga hantsi har azahar, ruwa na ɗaga mu yana sauke mu. Mutanen garin ba su jin Hausa, mu ba mu jin harshensu, amma da liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara, babu wanda ya nemi tafinta. Aka sa Bube a jar ƙasa, ƙarƙashin mangwaro, fuskarshi na kallon alƙibla. Da hannuna na zuba ƙasar farko.

Da na dawo gida, na tafi Ƙofa wurin mahaifiyarshi, Inna Hawwa'u, na ba ta hularshi, na faɗa mata duk wannan da na faɗa maku. Ashe labari ya riga ni isa. Masu dawowa daga kurmi sun riga sun ce wanda ya mutu a jirgi kifi ke cinye shi, ba wanka, ba salla, ba kabari. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Sada, kai yaron kirki ne. Lallashina kake yi."

Na rantse. Ta ce, "Bar rantsuwa. Ruwan da kuka ce ba a ganin ƙarshenshi, shi ne ɗan akushin katako zai ratsa ɗauke da maza da gawa?"

Shekaru bayan haka, da Hilary ya zo Kankiya ya buɗe shago, na kai mata shi. Ya faɗa mata abin da ya gani. Ta ce, "Ku biyun bakinku ɗaya. A hanya kuka shirya."

Jama'a, ku dubi girman abin. Tsohuwar nan ta ƙi karɓar gaisuwar ɗanta. Duk wanda ya ce mata Allah Ya haskaka kabarinshi, sai ta ce wane kabarin? Kifi kuwa, ko busasshe ne aka daka a miya, ta ji ƙamshinshi ba ta taɓa tuwon. Shekara goma sha wani abu tana cikin wannan hali, idonta ya yi ta raguwa har ya rufe. Duk sallar da na kai mata atamfa da goro, sai ta karɓa ta sa mini albarka, ni kuma in fito na san a ranta ni maƙaryaci ne mai kyakkyawar zuciya. Na gina gida, na sayi mota, na je Makka, amma wannan tsohuwa ɗaya ban iya sa ta ta yarda da ni ba. Bara da kaka, da na ga jikinta ya fara rauni, na ce ba za ta koma ga Allah tana ganin ɗanta cikin kifi ba. Tun da baki ya kasa, bari hannu ya gwada. Ba ta gani, amma tana lalube.

Magana ta biyu, yadda aka yi shi. Kafin in taɓa katako sai da na je wurin Malam Babba na Kusada, na tambaye shi ko akwai laifi a sassaƙa irin wannan. Ya ce jirgi ba shi da rai, sassaƙa abinka, amma kada ka sassaƙa mutanen ciki. Shi ya sa kuke ganin duwatsu a jere a wuraren zama, ɗaya kuma a tsakiya naɗe da farin ƙyalle.

Ƙa'idar aikin ita ce wannan: duk ƙafa ɗaya ta wancan jirgi, inci ɗaya ce a wannan. Ba a rage tsawo a bar faɗi, ba a rage faɗi a bar zurfi, komai tare yake ƙanƙancewa, har kaurin katako, har tazarar wuraren zama. Masassaƙanmu da suka ji labari suka ce in kawo gungume su rarake mini shi da gizago kafin la'asar, kamar turmi. Na ce a'a, wancan ba rarake shi aka yi ba, gina shi aka yi. Na shimfiɗa mashi ƙashin baya na icen ƙirya. Na tsaga marke sirara-sirara, na dafa su a tukunya har suka yi laushi, na lanƙwasa su suka zama haƙarƙari. Maiɗakina Rahamatu ta leƙo ta ce, "Alhaji, yau kuma miyar itace za mu sha?" Bisa haƙarƙarin nan na jera fallayen maɗaci, ɗaya kusa da ɗaya, daga ƙasa har baki.

To, a nan ne ilmina ya kai ni ya baro. Ku 'yan'uwana kafintoci kun san da me muke alfahari. Kafintan kirki a ƙasar nan shi ne wanda in ya haɗa katako biyu, ko zare ba zai shiga tsakaninsu ba. Da wannan na yi suna. Ƙofar da na yi, ko ka kafa ido a kanta ba ka ganin haske. Haka na yi wa kwale-kwalen nan. Cikin tsakiyar rani, da katakon da ya bushe ƙarau, na goge kowane falle na matse shi jikin ɗan'uwanshi, na bi da gam, na bi da ƙananan ƙusa. Da na gama na ɗaga shi ga rana, babu inda haske ya ratsa. Na ce Sada, ka gama aiki.

Na ɗora shi a mota na kai Ƙofa. Inna Hawwa'u ta karɓe shi a cinya, ta bi shi da yatsu daga goshi har baya. Ta ce, "Ya yi sumul. Amma a cinyata yake, ba a ruwa ba. Yaushe ka ce kun tashi?"

Na ce, "Da hantsi, Inna."

"Kuka isa yaushe?"

"Da azahar."

Ta ce, "To, sa shi a ruwa da hantsi, da mutanenshi a ciki. In ladan ya kira azahar yana bisa, na ji."

Aka kai ta bakin kududdufin bayan gari, wanda ba ya ƙafewa. Da yake ba ta gani, na ɗaura zare a goshin kwale-kwalen na sa mata ɗaya bakin a hannu. Mutanen Ƙofa suka bar abin da suke yi suka kewaye mu. Ya hau ruwa kamar agwagwa, ni kuwa na gyara zaman hulata. Rana ba ta kai tsaka ba sai na ji ƙas, na sake jin ƙas. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ba shi da wurin da zai motsa, sai fallayen suka ture juna, suka tashi daga haƙarƙari, ƙusa suka fita. Ruwa ya shiga. Wasu suka yi dariya, ban ga laifinsu ba. Ni dai hannun tsohuwar nake kallo. Na ga zaren ya miƙe, na ga ya yi nauyi yana jan yatsunta ƙasa. Ta riƙe shi jim kaɗan, sannan ta buɗe hannu ta sake shi. Ta ce, "Na gode, Sada. Yau ka faɗa mini gaskiya."

Jama'a, na je in cire mata ƙaya, na ƙara tura ta ciki. Abin da take zato a da, yanzu ta ji shi da hannunta.

Na tsamo tarkacen na kai shagon Hilary na zube mashi a kan tebur. Ya juya shi, ya kalle ni, ya ce, "Alhaji, wannan ƙofa ce mai kyau. Ina gidan da za a sa ta?"

Na ce, "Oga Hilary, ba ranar wasa ba ce."

Ya ce, "Kai fenti kawai kake shafawa, ba ka taɓa duba abin da ke ƙarƙashin fentin ba? Ka manta tsohon kafintan jirginmu, da gudumarshi ta katako, yana bin tsagi yana cusa farin abu?"

Wallahi kamar an buɗe mini taga. Na tuna shi, na tuna ƙarar gudumar. Auduga ce yake cusawa. Masu gina jirgi da gangan suke barin 'yar tazara tsakanin fallaye, su cika ta da auduga, su bi da kwalta. In katako ya sha ruwa ya kumbura, sai ya matse audugar, ruwan da kanshi ya kulle wa kanshi hanya. Abin da mu muke kira aibi, shi ne ran aikinsu. Mu nan gudun laima muka koya, su kuwa da ita suke gini. Kuma ku manoman Kusada, ku ji wannan: irin audugar da kuke kaiwa kasuwa a buhu, ita ce ke tsakanin ma'aikacin jirgi da mutuwa.

Na sake sabon aiki tun daga ƙashin baya, wannan karon na bar tsagi. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi don ya matse, ina hana shi. Kwalta na samo wurin masu gyaran hanyar Kano zuwa Katsina. Sai zare ya gagara. Na kanti ya cika siriri da tauri, ba ya shan ruwa, ba ya kumbura. Abawa ake so, mai kauri, sakwa-sakwa, irin wadda tsofaffi ke kaɗawa da mazari. Na tambaya a Kaikai, na tambaya a Kusada, aka ce yanzu wa ke kaɗi, kowa ya koma yadin kanti. In dai abawa ta gaske kake so, sai wurin makauniyar nan ta Ƙofa.

Na daɗe ina kewaya zuwan nan. Da na yi sallama ta ji muryata, ta ce, "Ka zo ka sake nutsar mini da shi ne?"

Na durƙusa na ce, "Inna, wancan na yi shi yadda nake yin ƙofa, ba yadda aka yi na gaske ba. Na gaske da auduga a jikinshi. Abawarki na zo roƙo."

Ta ce, "Auduga? A cikin ruwa? Sada, kai dai ba ka gajiya."

Na miƙa mata kwale-kwalen, na ɗora yatsanta a kan tsagin. Ta bi shi da farce har ƙarshe. Ta ce, "Wannan ai a buɗe yake. Wancan da ka rufe ma ya nutse." Can ta ce, "Miƙo mini mazarina. Amma ni zan cusa da hannuna, kada ka ce na ba ka ruɓaɓɓen zare."

Ita ta kaɗa, ita ta cusa da bayan wuƙa, tsagi bayan tsagi, ni ina biye da kwalta. Duk farin layin da za ku gani in kun leƙa cikinshi, aikinta ne. Alƙalai sun ba ni lamba, amma su sani rabinta ba tawa ba ce.

Bayan ruwan farko na bana muka koma kududdufin nan. Mutane sun fi na wancan karo yawa, don kowa na son ya ga Alhaji Sada ya sake jin kunya. Hilary ya rufe shagonshi ya zo. Na jera duwatsu, na sa mata zare a hannu. Da fari ruwa ya ɗan tsattsafo ciki. Hilary ya ce, "Bar shi ya sha." Ya sha, ya daina. Rana ta hau, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, masu jiran dariya suka fara zamewa. Ita kuwa ba ta motsa ba. Lokaci-lokaci sai ta ɗan ja zaren, kwale-kwalen ya taho, ta sassauta, iska ta mai da shi. Har ladan ya kira azahar.

Ta jawo shi da kanta har bakin ruwa, ta sa hannu ciki tana lalube, ta wuce duwatsun gefe, ta tsaya a kan mai farin ƙyalle. Ta matsa shi. A bushe yake. Ta ce, "Nan kuka kwantar da shi?"

Na ce, "Nan ne, Inna."

"Wa ya riƙe kanshi?"

"Ni."

"Wa ke tuƙi ta wajen ƙafafunshi?"

Na ce, "Hilary."

Ta ce, "Ina yake? Matso, ɗana." Ta kama hannunshi ta shafa tafin, ta ce, "Allah Ya biya ka." Sannan ta juya inda take jin muryar mutane ta ce, "A gaya wa Malam Babba ya tara jama'a ranar Juma'a. Ɗana Bube ya rasu, yana kabarinshi a ƙasar Gini. Mai gaisuwa ya zo ya yi mini." Ranar Juma'ar nan na ga tuwon sadaka ya fito daga gidanta, kuma wanda duk ya ci ya san abin da aka daka a miyar.

Magana ta uku, kuma ita ce mai nauyi a bakina. Ɗazu babban baƙonmu, Allah Ya ƙara mashi girma, ya ce yana son ya tafi da kwale-kwalen nan Kaduna, a sa shi cikin akwatin gilashi, a rubuta sunana da na Kankiya a ƙasa, manyan baƙi su riƙa gani. Ranka ya daɗe, ka taɓa ni inda nake da rauni. Muna ji a rediyo jirage sun yi cunkoso a Ikko ɗauke da kayan ƙasashen waje, kuɗin mai ya sa har cokali sai an kawo mana daga ƙetare. A irin wannan zamani a ce aikin ɗan Kaikai ne aka ajiye a babban birnin jiha, wane ne ba zai so ba? Ni da na bar makaranta a aji biyu, na fi kowa so.

Amma ina roƙon ka yi mini afuwa a gaban iyayena, ba zai tafi ba. In aka kulle shi a gilashi aka hana shi ruwa, rani ɗaya ya isa katakon ya tsuke, tsagi ya buɗe, abawa ta saki. Zai yi kyau a ido, amma ranar da aka sa shi a ruwa zai nutse. Kuma akwai mai sa shi a ruwa. Duk Juma'a da hantsi Inna Hawwa'u na sa a cika mata daro, ta ɗora shi, ta riƙe zarenta har azahar. Aro ta ba ni shi yau. Tana can ƙarƙashin rumfar mata tana jina, kuma da za mu taho ta ce, "Sada, ka dawo mini da shi kafin Juma'a." Na yi shekaru kafin tsohuwar nan ta yarda da maganata. Ba zan saɓa mata ta farko da ta amince da ita ba.

In Kaduna na son kwale-kwale, ni da 'yan'uwana kafintocin Kankiya za mu gina wani, da awo ɗaya, da itace ɗaya, kafin baɗi war haka. Abin da kawai nake roƙon hukuma shi ne a nemo matan da za su zauna gaban Inna Hawwa'u su koyi kaɗa abawa tun tana da ƙarfin koyarwa, don in babu zarenta, duk gwanintata ƙofa kawai zan sake yi maku.

Allah Ya jiƙan Bube, Ya haskaka kabarinshi, kuma na gode wa Allah da yau zan faɗi haka a gaban mahaifiyarshi ta amsa da amin. Allah Ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a ƙasar nan da waɗanda ke kwance a ƙasashen da ba mu sani ba. Allah Ya kiyaye 'ya'yanmu da ke neman abinci a tudu da bisa ruwa, Ya dawo da su ga iyayensu. Allah Ya sa albarka a geronmu da audugarmu da aikin hannunmu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya mai da baƙonmu Kaduna lafiya, Ya mai da kowa gidanshi lafiya.

Wanda ke son gani ya matso kusa da duron, ya leƙa, ya taɓa dutsen tsakiya in ya ga dama. Amma a yi a hankali, mai shi na jira.

Na gode.